Kwana A Bakin Tafkin Dagona: Arzikin Da Ke Ƙofar Jajimaji

Matafiyin da ya taso daga Nguru ya nufi Gashuwa, in ya iso Jajimaji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa a Jihar Yobe, abin da idonsa zai fi gani shi ne rairayi da goruba da gonakin gero. Da wuya ya kawo a ransa cewa kudu da garin, tafiya 'yar kaɗan, akwai wani tafki wanda sunansa yake rubuce cikin littattafan masana tsuntsaye na ƙasashen Turai. Wannan shi ne Tafkin Dagona, a ƙasar Bade, inda dubban tsuntsayen ruwa suke sauka kowace shekara su ci hunturu, sa'an nan su koma inda suka fito.

A ƙasashe da yawa wuri irin wannan shi ne matattarar masu hutu. Magidanci yakan ɗebi iyalinsa da tanti da guzuri, ya je bakin ruwa ya kwana biyu ko uku, ya biya kuɗin shiga da na ɗan jagora, ya dawo gida da labari. A nan kuwa, yawancin matasan Jajimaji da Gashuwa da Nguru sun fi jin labarin wuraren shaƙatawa na nesa a kan wannan da yake ƙofar gidansu. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, ruwan da ya yi tafkin yana cikin wani hali, kuma idan ba a kula ba za a wayi gari a gina masaukin baƙi a bakin busasshen fili.

YADDA TAFKIN YA SAMU

Domin mai karatu ya gane Dagona, sai ya fara sanin koguna biyu. Na farko shi ne Kogin Haɗeja, wanda ya samu daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa. Na biyu shi ne Kogin Jama'are, wanda yake gangarowa daga tsaunukan Jos ya ratso ƙasar Bauci. Waɗannan koguna biyu suna haɗuwa kusa da Gashuwa, su zama Kogin Yobe, wanda Barebari suke kira Komadugu, ya miƙa gabas har ya faɗa Tafkin Chadi.

To, amma kafin su haɗu sai sun ratsa wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jerin tuddan rairayi tun na zamanin da. Da ruwa ya iso nan sai ya rasa hanya ɗaya miƙaƙƙiya, ya rarrabu tsakanin tuddan, ya malale ko'ina ya zama fadamu da tafkuna da ƙoramu. Wannan ne ake kira Dausayin Haɗeja da Nguru. Ambaliya takan kai ƙarshen cikarta wajen watan Agusta zuwa Satumba, daga nan sai ruwa ya riƙa ja da baya sannu a hankali har cikin rani. Tafkin Dagona kansa tsohuwar hanyar kogi ce da ta lanƙwasa, kogin ya sake hanya ya bar ta, ambaliya kuma take cika ta kowace damina.

Hukuma ta daɗe da sanin darajar wurin. A shekarar 1987 aka kafa wani shiri na kare dausayin, wanda Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya ta gudanar tare da wasu ƙungiyoyin duniya, har da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe daga tsohuwar Jihar Borno, Gwamnatin Tarayya ta kafa Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, mai sassa 3: Chingurmi-Duguma a Borno, da Bulatura, da kuma sashen Bade da Nguru wanda Dagona take ciki. Har ila yau akwai wata yarjejeniya ta kare dausayi da ƙasashen duniya suka ƙulla a birnin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Wuri na farko da Nijeriya ta shigar cikin jerin wannan yarjejeniya shi ne Tafkin Nguru da mashigin Marma, mai faɗin hekta 58,100, a shekarar 2000. Dagona, mai hekta 344, ta bi baya a 2008, tare da Baturiya ta Jihar Jigawa.

YADA ZANGO TSOHON ABU NE

Wani zai ce kwana a daji domin nishaɗi al'adar Turawa ce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin kuwa sansanin farko na 'yan Sikawut, wanda Baden-Powell ya shirya wa yara a wani tsibiri na Ingila a 1907, shi ne ya yaɗa wannan ɗabi'a cikin makarantun duniya, har ta iso Nijeriya. Amma kwana a bakin ruwa kansa, mutanen wannan yanki sun riga kowa saninsa.

Masunta Badawa da Hausawa sun saba barin gida su kafa bukkoki a gaɓar tafki, su yi makonni suna kamun tarwaɗa da ƙarfasa da bargi, suna banda a nan take, dillalai kuma suna biyo su suna saye domin kai wa kasuwar Nguru da Gashuwa, daga can a yi Kudu da shi. Fulani makiyaya sukan gangaro da shanu da zarar ciyawar tudu ta ƙare, su yi mashekari kusa da fadama inda burgu yake tsirowa bayan janyewar ruwa. Fataken kanwa daga ƙasar Manga su ma sun san inda ake yada zango a sami ruwa da inuwa. Tun lokacin da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, garin ya zama mahaɗar waɗannan mutane duka.

Saboda haka duk ilmin da mai kwana a daji yake bukata yana nan a hannun mutanen wurin. Su ne suka san tudun da ruwa ba ya kai wa, da inda iska take kore sauro, da inda taɓo yake haɗiye ƙafa, da itacen da hayaƙinsa ba ya damun ido. Bambancin kawai shi ne, su neman abinci ya kai su, mai yawon buɗe ido kuwa hutu ne da neman sani. Duk wanda ya je da wannan fahimta zai san cewa shi baƙo ne a wurin sana'ar wasu, kuma ladabin baƙo ya hau kansa.

BAƘIN HUNTURU

Babban abin da yake jawo mutane Dagona shi ne tsuntsaye. Masana sun lissafta fiye da iri 370 a cikin dausayin baki ɗaya. Wasunsu 'yan gida ne waɗanda kowane yaron ƙauye ya sani, kamar su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Wasu kuwa baƙi ne daga uwa duniya. Akwai ƙananan agwagin ruwa waɗanda suke ƙyanƙyasa a Turai da ƙasar Rasha, da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da suke fitowa tun daga Saiberiya. Idan sanyi ya matsa a can, ruwa ya daskare, sai su taso su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Hamadar Sahara, kuma ruwan wannan yanki yana cikin na farko da suke tararwa bayan wannan doguwar tafiya. Sukan fara isowa wajen watan Oktoba, su juya wajen watan Maris.

A cikin watan Janairu ne masana suka saba ƙidayar tsuntsayen ruwa. A ƙidayar da aka yi tsakanin 1995 da 1997, kowace shekara an sami fiye da 200,000 a cikin dausayin. Wannan suna da wurin ya yi shi ne ya kawo Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Ingila, har Dagona a shekarar 1989, lokacin yana shugaban Asusun Kare Namun Daji na Duniya.

Wannan kallo kuwa ba ya samuwa ga mai zuwa da tsakar rana ya juya da la'asar. Tsuntsayen ruwa sun fi motsi da asuba da kuma gab da faɗuwar rana. Wanda ya kwana a bakin tafki, ya idar da sallar asuba cikin sanyin hunturu, shi ne zai ji kukan kirinjijiya tun gari bai waye ba, ya ga garke bayan garke suna tashi daga kan ruwa kamar hayaƙi, masunta kuma suna tura kwalekwale tsakanin ganyen bado. Dalilin kwana ke nan, kuma shi ya sa maganar masauki da tanti take tafiya tare da maganar tafkin.

ABIN DA MAI ZUWA ZAI TANADA

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga watan Disamba zuwa Fabrairu. A lokacin hanyoyi sun bushe, sauro ya ragu, tsuntsaye kuma sun cika. Da damina hanyoyin ƙauyuka sukan yanke, daga watan Maris kuwa zafi yakan tsananta, ruwan kuma ya ja baya.

Abu na farko shi ne izini. Dagona yanki ne na Gandun Dajin Ƙasa, wanda hedkwatarsa take Maiduguri, saboda haka ba a shiga sai da sanin ma'aikatan gandu, kuma su ne za su nuna inda aka yarda a kafa tanti. Bayan su sai mai gari. Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, Jihar Yobe ta sha wuya, baƙi daga nesa kuma suka ɗauke ƙafa. Don haka mai hankali ba zai kwana a daji ba sai ya sanar da hukuma da jami'an tsaro, ya ji shawararsu, kuma ya tafi cikin ayari tare da ɗan gari.

Wajen kaya, ana bukatar tanti ko rumfa, da tabarma, da bargo mai kauri, domin sanyin dare a bakin ruwa cikin hunturu ba abin wasa ba ne. Gidan sauro wajibi ne ko da an ga kamar babu sauro. A ɗauki tocila, da takalmi mai rufe ƙafa saboda ƙaya da kunama da maciji, da madubin hangen nesa in da hali. Ruwan sha a zo da shi daga gida, in ya ƙare a tafasa na wurin kafin a sha. Kada a bar yara su yi wanka a ruwan da yake kwance, domin ta nan ake ɗaukar tsargiya, wadda ƙwayarta take fitowa daga jikin wasu ƙananan dodon koɗi ta shiga fatar mutum. Wanda bai iya iyo ba kada ya shiga kwalekwale sai tare da masunci, kuma kada a yi masa lodi fiye da ƙima.

Akwai kuma abubuwan da aka hana. Ba a harbi, ba a ɗana tarko, ba a ɗibar ƙwai, ba a saran ɗanyen itace. A hura wuta a fili nesa da busasshiyar ciyawa, a kashe ta da ruwa ko ƙasa kafin a kwanta, gama iskar hunturu ba ta da wuyar mai da ɗan garwashi gobarar daji. Leda da gwangwani da kwalba a tattara a koma da su gida, saboda ledar da aka yar a fadama cikin saniyar wani take ƙarewa. Mai rediyo ya rage murya, domin tsuntsun da aka firgita ya tashi, ƙarfin da yake tarawa na komawa Turai ne ya ɓata.

RUWA YANA SAUYA HANYA

Duk wannan bayani ya rataya ne a kan abu ɗaya, watau zuwan ambaliya a kan lokacinta da janyewarta a kan lokacinta. Wannan tsari kuwa ya daɗe da samun tangarɗa. Fari na shekarun 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, sun rage ruwan kogunan ƙwarai. A 1974 aka gama Madatsar Ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Challawa. Babu mai musun amfanin waɗannan madatsu, domin da su birnin Kano yake shan ruwa, da su kuma ake noman rani a Kadawa da Kura. Amma ruwan da aka tare a can, ambaliyar mutanen Bade da Nguru ce aka rage.

Daɗin daɗawa, yadda ake sakin ruwan ya haifar da wata sabuwar matsala. A da koguna sukan ƙafe da rani, rana ta ƙone duk ciyawar da ta tsiro a cikinsu. Da aka koma sakin ruwa kaɗan kaɗan duk shekara, sai ciyawar nan da ake kira kacala ta sami abin da take so, watau ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a gindinta. Sakamakon haka ruwa mai yawa ya karkata ta mashigin Marma zuwa Tafkin Nguru, ya cinye gonaki da wuraren kiwo a can, alhali wasu hanyoyin da suke kai ruwa gabas suka riƙa ƙafewa. Kacala kuma ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye shinkafa da gero, da sauro, da dodon koɗin nan mai kawo tsargiya. Wani bi kuma ruwan yakan zo da yawa fiye da ƙima, kamar ambaliyar 2022 wadda ta yi ɓarna mai yawa a Jigawa da ƙasar Bade.

Wani bincike da masana tattalin arziki suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa, idan aka auna amfanin da ake samu daga mudu ɗaya na ruwa, abin da dausayin yake bayarwa ta hanyar noma da su da itace ya fi abin da manyan ayyukan ban ruwa na sama suke bayarwa nesa ba kusa ba. A 2006 jihohi 6 da suke amfana da kogunan, watau Bauci da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka haɗu da Gwamnatin Tarayya suka kafa asusu na musamman mai hedkwata a Damaturu domin gyara hanyoyin ruwan. An yi aikin yanke kacala da yashe mashigai a wurare da dama, jama'ar ƙauyuka ma sun yi aikin gayya da lauje da kwalekwale. Sai dai kacala ciyawa ce mai naci, in aka yanke aka juya baya sai ta dawo.

DARASI DAGA WASU WURARE

Nijeriya ta ga yadda wurin shaƙatawa yake rayuwa, ta kuma ga yadda yake mutuwa. Yankari a Jihar Bauci, wadda aka buɗe wa jama'a a 1962, ta riƙe sunanta saboda namun daji da ruwan ɗumi na Wikki suna nan, ko masauki ya tsufa baƙi suna da dalilin zuwa. Otal ɗin bakin Tafkin Bagauda kusa da Kano kuwa, wanda ya yi tashe a shekarun 1970 da 1980, daga baya ya daina karɓar masu hutu, wurin ya koma reshen Makarantar Horon Lauyoyi. Gini shi kaɗai ba ya riƙe baƙo.

A ƙasar Senegal akwai gandun tsuntsaye na Djoudj a bakin Kogin Senegal, wanda aka kafa a 1971, kuma irin baƙin tsuntsayen da suke sauka Dagona suna sauka can. Su ma sun gamu da kacala bayan an gina madatsar Diama a shekarun 1980. Abin koyi a wurinsu shi ne, mutanen ƙauyukan da suke kewaye da gandun suna cikin masu tuƙa baƙi a jirgin ruwa da yi musu jagora, saboda haka suna da rabo a cikin zaman lafiyar tsuntsayen.

Wannan batu na rabo shi ne gishirin maganar. Masuncin da aka hana shi jefa koma a wani sashe na tafki, da makiyayin da aka ce kada shanunsa su shiga, an ɗauke musu wani abu daga bakinsu. Idan baƙi suka zo da motocinsu da abincinsu suka kwana suka tafi, ba a sayi kifin kowa ba, ba a ɗauki ɗan kowa jagora ba, to, mutanen gari za su ɗauki gandun a matsayin abokin gaba, kuma masu gadi komai yawansu ba za su iya tsare shi ba. Idan kuwa kuɗin kwalekwale da na jagora da na tabarmar kaba da na gasasshen kifi suna shiga aljihun 'yan ƙauye, su da kansu za su kori mai harbi.

ABIN DA YA RAGE

Ba sai an jira baƙi daga Turai ba kafin a fara. Akwai makarantun sakandare a Jajimaji da Nguru da Gashuwa, akwai kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a Gashuwa a 2013. Ayarin ɗalibai 20 ko 30 tare da malamansu, da izinin hukumar gandu, za su iya kwana ɗaya a bakin tafki cikin watan Janairu da kuɗi kaɗan. Yaron da ya koyi sunan tsuntsu daga bakin masunci, ya kuma ga a taswira ƙasar da tsuntsun ya fito, ya sami darasin labarin ƙasa wanda allo ba zai ba shi ba. Daga cikin irin waɗannan yara ne ake samun ma'aikatan gandu da injiniyoyin ruwa na gobe.

Abin da ake bukata daga hukuma bai fi ƙarfinta ba: fili mai tsabta a kan tudu inda za a kafa tanti, da rijiyar burtsatse, da makewayi, da hanya mai kyau daga bakin titi, da horar da samarin ƙauyuka aikin jagora. Masarautar Bade tana da bikin kamun kifi na gargajiya a Gogaram, tsohon mazaunin sarautarta, kuma ana iya haɗa ziyarar Dagona da wannan biki yadda baƙo zai ga abu biyu a tafiya ɗaya.

Babban aikin dai yana can sama, a hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, da gwamnatocin jihohin nan 6. Su ne suke da ikon tsara sakin ruwa daga Tiga da Challawa yadda zai yi kama da ambaliyar da aka saba, ya zo da damina ya janye da rani, kuma su ne suke da ƙarfin ci gaba da yashe mashigai kowace shekara. Ruwan da zai cika Dagona domin tsuntsaye da masu tanti, shi ne dai zai shayar da shinkafar Gashuwa, ya cika komar masunci, ya fito da burgu domin shanu. Ya rage ga wakilan jama'ar Karasuwa da Bade da Nguru a majalisu su riƙa tayar da wannan magana a duk lokacin da ake kasafin kuɗi.